Tankar Wendell da ke Oklahoma

Wendell Kruse ya soka fil na tara a jikin taswira, ya jawo jan zaren ulun da ya ɗebo daga kwandon saƙar matarsa ba da saninta ba, ya naɗe shi a wuyan fil ɗin, sannan ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Taswirar ta cinye teburin cin abinci kaf, har kofunan gahawa sai a kan kujera aka ajiye su. Zaren ya taso daga ɗan garinsu na Iowa, ya yi 'yan kwane-kwane a Nebraska da Kansas, ya gangara kudu ya tsaya a wani lungu na Oklahoma inda ko sunan gari babu.

"Kwana goma sha ɗaya, gidajen tarihi tara," in ji shi. "Litinin ƙarfe shida na safe mun ɗaga. Wanda bai shirya ba ya biyo mu da ƙafa."

Duane Tollefson, yayan matarsa, ya sunkuya yana bin zaren da yatsa. Tun da tasa matar ta rasu ya mai da gidan nan wurin karin kumallo. Kullum ƙarfe bakwai yana bakin ƙofa, ba wanda ya gayyace shi, ba kuma wanda ya iya korarsa.

"Janar, ina Ohio?"

"Tana nan inda Allah ya ajiye ta."

"To ai zarenka bai je can ba. Tun Kirsimeti fa muka yi maganar babban gidan jiragen nan na Ohio."

"Kai ka yi magana, ni abinci nake ci. Ohio gabas take, mu kudu muka nufa. Na sa maka gidajen jirage biyu a hanya, ka gode Allah."

"Biyu cikin tara. Sauran bakwai duk tankoki ne da motocin sojan ƙasa. In mutum ya ga tanka ɗaya ai ya ga duka. Tukunyar ƙarfe ce aka liƙa mata bututu."

"Wa ya kai ka sanin tukunya, Kyaftin?"

An taɓa wa Duane inda yake masa ciwo. Shekara huɗu ya yi a sojan sama, kuma duk a kicin ɗin wani sansani ya yi su, yana soya wa matuƙa ƙwai. Amma ya san sunan kowane jirgin yaƙi da tsawon fiffikensa da shekarar da aka ƙera shi, kuma har yau hular kansa tana da hoton fukafukai a goshi. Shi kuwa Wendell shekara uku ya yi a Jamus yana gyaran tankoki, ya dawo gida ya yi arba'in yana gyaran taraktocin manoma. Yanzu yana da saba'in da huɗu, Duane saba'in da bakwai, gardamar nan tasu kuwa ta girmi 'ya'yansu duka.

Fil na tara shi ne dalilin tafiyar. Wani manomi ne a Oklahoma ya ƙare rayuwarsa yana tara tsofaffin motocin yaƙi a rumfunan gonarsa, yana barin mutane su shiga kallo. Ya rasu a farkon shekara, 'ya'yansa suka ce ranar talatin ga Satumba za su yi gwanjon komai. Littafin gwanjon ya faɗo hannun Wendell, a shafi na goma sha shida ya ga wata tanka, ya ɗora gilashin ƙara girman rubutu a kan lambar da ke gefenta. Tasa ce. Hunturu biyu ya yi yana birgima a ƙarƙashinta da sifana a hannu.

Marlys ta fito daga kicin ɗauke da manyan farantai biyu a lulluɓe. Ranar ce jana'izar tsohon mai raba wasiƙun garin, kuma matan coci ne ke ciyar da masu ta'aziyya. Ta dubi taswirar, ta dubi zaren.

"Ulun nan na rigar jikarka ne," in ji ta. "Kuma Wendell, lasinka na tuƙi ya mutu tun watan Yuni. Ba zan ƙetare jihohi uku da mutumin da lasinsa ya mutu ba. Tunda za mu gari yau, ka shiga ofishin gunduma a sabunta maka."

"Wannan ai minti biyar ne."

"To ka ba shi minti biyar ɗin."

Mil tara ne daga gidansu zuwa gari. Wendell ya ɗaura wa a-kori-kurarsa tirelar da za su riƙa kwana a ciki, don yana so a canja mata tayoyi kafin Litinin. Duane ya shiga baya, Marlys ta zauna gaba da farantai a cinya. Shekara ashirin da shida ta yi tana tuƙa bas ɗin makaranta cikin ƙanƙara da laka ba ta taɓa ko kankare fenti ba, amma a shekara arba'in da tara na aurensu Wendell bai taɓa zama a gefe tana tuƙa shi ba. Ba don komai ba, yakan ce, shi dai in ba ya riƙe da sitiyari jiri yake ji.

Da suka zo ƙofar gonar su Hoffmeyer, sai ya ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari ya ɗan danna hon.

"Vern ya rame fa," in ji shi.

Marlys ta gyara murfin faranti. Duane ya yi tari a baya.

Suka sauke ta a ƙofar coci. Mai taya ya ce sai bayan ƙarfe uku zai samu sarari, don haka Wendell ya shiga neman inda zai ajiye mota da tirela. Bayan ofishin gunduma akwai wani siririn fili tsakanin ginin da katangar banki, ana shiga ta wannan titi a ɓulla wancan. Ya kutsa kai, ya karya kwana, sai Duane ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tsaya, Janar, tsaya." Sarƙa ce aka gitta a ɗaya bakin, da jan allo rataye a tsakiyarta, saura taku biyu su tsinke ta. Ga mota na fuskantar sarƙa, ga tirela ta karkace a kwanar, ga motocin ma'aikata jere dama da hagu.

"Sabuwa ce wannan sarƙar," in ji Wendell.

"Ta yi tsatsa."

Wendell ya kashe mota, amma bai buɗe ƙofa ba. Ya zauna yana murza makulli a tafin hannu.

"Duane, zan faɗa maka wata magana. In ta kai kunnen Marlys, Ohio ko a mafarki ba ka ganinta."

"Ina ji."

"Kusan shekara ke nan nake ganin komai kamar an shafa wa gilashi man shanu. Allon hanya sai na zo gindinsa nake karantawa. Na'urar nan ta gwajin ido za ta tona min asiri."

Maimakon tausayi, sai fuskar Duane ta yi haske. An daɗe ba a nemi taimakonsa a kan komai ba. Ya gyara hula, ya matso, ya ce wannan ƙaramin abu ne, matuƙa jirage da yawa haka suka riƙa yi, a gabansa suke labarin suna cin ƙwai. Haruffan da na'urar ke nunawa ba sa canjawa. Shi zai zauna kusa da teburin ma'aikaciyar ya saurari masu karantawa, ya rubuta, Wendell ya haddace, shi ke nan.

"Da wane kunnen za ka saurara?"

Duane ya nuna 'yar na'urar jin da ke maƙale a kunnensa. "Wannan in na ƙure ta, har numfashin kyanwa nake ji."

Joleen Brandt ce a bayan teburin, mace mai shekara arba'in da 'yan kai, wadda Marlys ta fara ɗauka a bas tun tana aji ɗaya. A gefenta aka ajiye na'urar, wani baƙin akwati mai ramin leƙawa, mutum ya kifa goshi ya karanta abin da ya gani. Lyle, ɗan sandan gunduma, yana jingine da bango yana jiran wasu takardu, da kofi a hannu. Mutum uku ne a gaban Wendell.

Duane ya zauna a kujerar da ta fi kusa, ya ƙure na'urarsa har ta fara fito, kowa ya waiwayo. Ya rage kaɗan, ya ɗaga jarida ya rufe fuska, biro na aiki a tafin hannunsa. Da mutum na uku ya gama, ya yi wa Wendell alama da gira, suka haɗu a lungun bayan gida.

"Kowa layi na biyar take sa shi. Ga su nan." Ya buɗe tafin hannu.

"In ina ganin wannan me zai kawo ni lungun nan? Karanta min."

"E, B, T, Z, O, P."

"Na biyun B ne ko D?"

"Mutum biyu sun ce B, ɗaya ya ce D."

"Wa aka ba lasi a cikinsu?"

"Duka."

Wendell ya zaɓi B. Ya maimaita sau shida, leɓɓansa na motsi, har aka kira lambarsa.

"Mista Kruse, barka da zuwa. Ya Misis Kruse?" in ji Joleen.

"Lafiya lau, tana coci."

"Ka gaishe min da ita. Kifa goshinka nan, za ka karanta min layi na biyar."

Wendell ya kifa goshi. Bai ga komai ba sai duhu, amma ya riga ya sa ran haka. Ya ɗan dakata kamar mai dubawa, sannan ya zubo su ɗaya bayan ɗaya da muryar da yake amsa wa saje da ita a zamanin da.

"E. B. T. Z. O. P."

Can bayan jarida Duane ya gyaɗa kai.

"Mista Kruse," in ji Joleen a hankali, "ban kunna ba tukuna."

Lyle ya sa baki cikin kofinsa ya daɗe bai ɗago ba.

Ta danna wani abu. Haske ya cika akwatin, fari fat, da wasu baƙaƙen abubuwa suna iyo a ciki kamar ƙudaje a madara. Layi na farko ya samu, don harafi ɗaya ne mai girman ƙofar gareji. Layi na biyu ya canki biyu cikin huɗu. Da ta ce na uku, sai ya ɗago goshinsa da kansa.

Joleen ta sassauta murya, ta turo masa wata takarda. Ta ce ba za ta iya ba shi lasi ba sai likitan ido ya sa hannu. Wataƙila ma yanar ido ce kawai, in ji ta, babanta an cire masa bara, minti ashirin aka yi, yanzu shi ke sa wa mahaifiyarta zare a allura. Ta ɗaga waya da kanta ta kira asibiti. Likitan sau biyu a wata yake zuwa garin, kuma ba sarari sai ashirin da huɗu ga Oktoba.

"Gwanjon talatin ga Satumba ne," in ji Wendell.

"Wane gwanjo?"

Ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a aljihu. Yana kaiwa ƙofa Lyle ya biyo shi.

"Wendell, motarka ce ta toshe mana bayan gini?"

"Yanzu zan fitar da ita."

"To ni dai ban ga ka shigo da ita ba, don haka ba ni da ta cewa. Amma kada in ga ka fitar da ita."

Suka zauna a bencin ƙofar ofis, ƙarƙashin tuta. Rana ta yi sama, motocin jana'iza sun fara jeruwa a gaban coci, can ƙarshen titi. Duane ya tofa yawu a yatsa yana goge biron da ke tafinsa. Shi nasa lasin tun shekara biyu aka karɓe, ranar da ya yi ribas ya kwantar da allon coci bayan addu'ar Lahadi, a gaban fasto. Renae, 'yar Wendell, ma'aikaciyar jinya ce a Minneapolis, ba ta da hutu sai Disamba. Suka zayyano sunayen abokai, kowanne ko ya rasu, ko an canja masa gwiwa, ko matarsa ba ta barinsa ya wuce iyakar gunduma.

"A bari sai baɗi mana," in ji Duane. "Tankoki ba sa ƙarewa a ƙasar nan."

"Wannan ɗin tana ƙarewa." Wendell ya cire tabarau ya goge, ya mayar, bai ga wani bambanci ba. "Ka san abin da nake so in gani a cikinta? Ƙugiya."

"Ƙugiya kuma?"

"Yaran sojan da ke cikinta suna da butar gahawa. Duk sanda aka taka rami sai ta kife ta ƙona direba. Wata rana na ɗauko kayan walda na liƙa musu ƙugiya a bango, gefen kujerar direba, inda buta za ta yi lilo ba ta zube ba. Na lanƙwasa ta da kaina, na goge bakin don kada ta yagi hannu. Saje ya gani, ya ce na ɓata kayan gwamnati. Mako biyu ina fere dankali. Aka ce in yanke ta, na shafa mata fenti na ce na yanke." Ya juyo ya dubi Duane. "Shekara arba'in da uku ina gyara abin da wasu suka ƙera, Duane. Wannan ƙugiyar ce kaɗai tawa. So nake in zura hannu in ji ko tana nan. In aka buga gwanjo, ko wani attajiri ya kulle ta a gidansa, ko a narkar da ita."

Duane ya daina goge hannu. Ya daɗe yana kallon surukinsa.

"Mako biyu ka yi kana fere dankali, shi ne ka shekara hamsin kana min gorin kicin?"

"Ni hukunci ne, kai sana'a ce."

"To Janar na dankali, akwai direba ɗaya da ya rage a danginmu, kuma ka san inda take."

Wendell ya kalli tuta, ya kalli takalmansa, ya kalli banki. Sannan ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Ɗakin ƙasa na coci cike yake da ƙamshin gahawa da surutun mata. An jera dogayen tebura, ana yanka burodi ana cusa masa nama da cuku. Marlys na tsakiya da wuƙar shafa man shanu. Wendell ya tsaya a matakala ya yafito ta, mata goma sha biyu suka waiwayo tare. Ta ajiye wuƙar ta hau.

"An samu ɗan tangarɗa a ofis," in ji shi. "Na'urarsu ta tsufa."

"Layi na nawa ka kai?"

Ya dube ta. "Na biyu."

"Na ɗauka za ka kai na uku."

"Kin sani ke nan?"

"Wendell, Vern Hoffmeyer ya koma Arizona tun bara. Akwatin wasiƙunsa kake gaisarwa. Ran nan har ka ce min ya fara girman kai, ba ya amsawa."

Jini ya hau masa fuska. "Kin san zan faɗi, kika tura ni in ji kunya a gaban Lyle da yarinyar nan."

"Sau uku ina ce maka mu je wurin likita, kana ce min gilashin mota ne ya yi datti. Gara ka ji daga bakin Joleen da in ji daga bakin ɗan sandan Kansas." Ta goge hannu a rigar kicin ɗinta. Muryarta ta yi laushi. "Wata nawa ina zaune a gefenka ina taka birkin da babu. Ƙafata har ciwo take."

Wendell ya murza makulli a hannu. Daga ƙarshe ya ce, "Motar ta maƙale a bayan ofis. Lyle ya ce kada in taɓa ta."

"Sai an gama ciyar da mutane. Kafin nan, hannu muke nema."

Haka aka ɗaura wa Wendell Kruse rigar kicin mai hoton furanni, aka ba shi wuƙa da tulin burodi. Duane kuwa kamar an mai da kifi ruwa. Ya ɗanɗana haɗin dankalin ya ce gishiri bai ji ba, ya sake tsarin tebura don layi ya riƙa tafiya ta gefe biyu, ya nuna wa matar fasto yadda ake yanka kek a ciyar da mutum tamanin. Matan suka zagaye shi suna tambayar inda ya koya.

"A sojan sama," in ji shi, kuma karon farko bai ƙara komai a kai ba.

Ƙarfe biyu da rabi aka gama. Labari kuwa ya riga ya zaga teburan tare da gahawa, don haka da Marlys ta karɓi makulli ta nufi bayan ofis, tsofaffi wajen goma cikin baƙaƙen kwat suka biyo su, kowa da tsinken sakace a baki. Suka tsaya suna ƙare wa tirelar kallo. Ɗaya ya ce sai an kwance ta an tura da hannu. Wani ya ce a kira ma'aikata su janye motocinsu. Wani ya ce shi da a zamaninsa ne, sarƙar zai yanke.

Marlys ta zaga tirelar sau ɗaya, ta hau, ta jawo kujera gaba, ta gyara madubai biyu. Wendell ya ruga baya ya tsaya yana ɗaga hannuwa.

"Karya dama. Dama na ce. A'a, taki damar. A hankali, akwai motar Joleen."

Gilashi ya sauka. "Wendell, matsa min daga madubi."

Ya matsa. Ta ɗora hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, motar ta fara ja da baya kamar mai tafiya da sanɗa. Tirelar ta miƙe, ta lanƙwasa ta bi kwanar, ta wuce motar Joleen da tazarar tafin hannu, ta wuce katangar banki, ta fito titi ta daidaita a bakin hanya. Sau ɗaya, ko gaba ba ta sake yi ba. Tsofaffin suka cire tsinke daga baki. Lyle da ke kallo ta taga ya ɗaga kofinsa.

"Ai na riga na gyara mata kwanar tun shigowa," in ji Wendell. Ba wanda ya musa, ba kuma wanda ya amsa.

Ƙafafunsa suka kai shi ƙofar direba da kansu. Sai da ya kama mariƙin ya tuna, ya sake shi, ya zaga ta gaban motar yana ɗan sunkuyawa kamar mai duba fitila, ya shiga ɗaya gefen. Duk hanyar zuwa wurin mai taya ya ƙanƙame kujera yana jiran jiri, jirin ya ƙi zuwa, abin ya ba shi haushi ƙwarai.

Sai wajen ƙarfe biyar suka kamo hanyar gida da sababbin tayoyi. Masara ta tsaya dama da hagu, ta fara bushewa. Suna barin gari, Duane ne ya gaza haƙuri.

"Marlys, to Litinin fa?"

"Wace Litinin? Na gama tuƙa yara masu faɗa a bayan mota tun shekara goma sha ɗaya."

Wendell ya zuba wa gilashin gefensa ido. Ya so ya ce ba komai, dama tafiyar ba ta dame shi ba, amma ya san ƙarya ce. Suka yi mil guda a haka.

"Marlys," in ji shi. Ya gyara murya. "Ina so ki kai ni Oklahoma. Roƙonki nake."

Ba ta juyo ba, sai dai hannunta ya ɗan motsa a kan sitiyari.

"To ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ba ƙarfe shida ba, ƙarfe takwas, bayan na sha gahawata a zaune. Ba a koya wa direba tuƙi. Wanda ya fara gardamar tanka da jirgi, a gidan mai na gaba zan sauke shi, na sha yi wa waɗanda suka fi ku ƙarfi. Kuma zarenka a juye yake, Wendell. Ka sa Oklahoma a ƙarshe, ranar jajibirin gwanjo, lokacin da dillalai sun cika wurin ba mai barinka ka taɓa komai. Can za mu fara. Kwana biyu muna can, ka shiga tankarka ka zauna har ka gaji. Sauran mu bi su a hanyar dawowa."

Wendell ya buɗe baki zai kare zarensa, sai ya ga mako uku ya yi yana tsara tafiyar nan bai hango wannan ba.

"Ba laifi," in ji shi. "Na ma yi tunanin haka."

"Kuma tara sun yi yawa. Shida. Uku naka, uku na Duane."

"Ohio fa?" in ji Duane daga baya.

"In kun yi hankali, baɗi. Lokacin an wanke wa wannan ido, ya karɓi sitiyarinsa, ni in zauna in yi saƙata."

"To ni meye aikina a tafiyar nan?" in ji Wendell. "Kaya?"

"Kai ne mai taswira. Ka taho da gilashinka na ƙara girma. Ni ban san hanyar Kansas ba."

Ya gyara zama kaɗan. Rana ta sauko tana dukan gefen fuskarsa, tirela na biye da su lafiya lau, ko girgiza ba ta yi. Duane ya rage na'urar kunnensa ya jingina kai, ba a jima ba ya fara minshari.

Da suka doshi mararrabar da ke kaiwa gidansu, wadda Marlys ta karya da bas safe da yamma shekara da shekaru, sai ta sassauta gudu.

"Mai taswira, ina muka nufa?"

Wendell ya dube ta. Idonta na kan titi. Yana jin sigina tana ƙas, ƙas, ƙas, tun kafin ta buɗe baki. Ya miƙa wuya ya leƙa ta gilashi, ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗauki lokacinsa.

"Hagu," in ji shi. "A hankali, akwai tirela a baya."

"To," in ji Marlys, ta karya kwana.